Mutumin da Ya Wuce Cikin Daƙiƙa Huɗu

Laraba, 27 ga Satumba, da hantsi

Sunana Sarom. Shi na fara koyon rubutawa, bari in fara da shi. Ta Nhem, wato Kaka Nhem, dattijon da ya koya mana karatu a gidan ibada, ya ce abin da ya tsaya wa mutum a maƙogwaro ya ba takarda. Shekara shida ke nan da na iya riƙe biro, ban taɓa rubuta abin da ya wuce sunan magani da lambar waya ba. Yau zan gwada.

Jiya da faɗuwar rana 'yata Kanha ta haska fim ɗinta a zauren gidan ibada. Shekara uku tana wannan aiki, saboda shi ta bar ofis mai sanyi a Phnom Penh. Fim ne na gaskiya, babu 'yan wasa, a kan madatsar ruwanmu da aka sa mutane suka haƙa da hannu a zamanin mulkin sojoji masu baƙaƙen kaya. Masu wani taron finafinai a ƙasar waje sun ce suna so, ta aika musu kafin ashirin ga Oktoba. Amma Kanha tana da ƙa'ida, duk wanda fuskarsa ta fito sai ya gani da idonsa ya ce ya yarda. Shi ya sa aka tara gari.

A cikin fim ɗin akwai tsohon hoto mai motsi, wanda masu mulkin lokacin suka ɗauka da kansu don su nuna wa duniya ana aiki. Jama'a kamar tururuwa. Sai mutum ɗaya ya gifta kusa da kyamara, sanda a kafaɗar hagu, kwanduna biyu cike da ƙasa, gyale a wuya. Daƙiƙa huɗu. Bara da Kanha ta nuna mini, na ce Bong Veng ne, yayana da aka tafi da shi a wancan zamanin. Bong muke ce wa duk wanda ya girme mu. Babu hotonsa ko ɗaya a duniya. Ta sa ni a fim ina nuna shi da yatsa ina faɗa. Ta wanko mini hoton, yana kan kanta, kullum ina kunna masa turare.

Jiya ana zuwa daidai wurin, Bong Phon mai taliyar shinkafa ta miƙe da sandarta ta ce a tsaya. Ta ce wannan mijinta ne.

Aka tsayar da fim.

Laraba, da yamma

Kanha ba ta ci abinci ba.

Juma'a, 29 ga Satumba, tsakar rana

Gari ya rabu biyu. A kasuwa masu kifi suna bayana, masu ganye suna bayan Bong Phon. Wata ta ce ai kunnen mutumin hoton na dangin mijin Phon ne. Yarinyar da ko uwarta ba a haifa ba a lokacin, ita ce mai sanin kunne.

Uban Kanha yana gyaran babur a ƙarƙashin gidanmu da aka ɗora a kan dogayen ginshiƙai, ya ce shi mutumin hoton nan yake tausaya wa, shekara arba'in da biyar yana ɗauke da ƙasa, yanzu an ɗora masa mata biyu. Ban yi dariya ba. Shi ma da ya ga fuskata ya mai da kai cikin inji.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Bong Phon ta zo har gida ta nemi nata hoton, Kanha kuma ta ba ta. Na ce, ke 'yar wa ce? Ta ce, "Mae," wato mama, "ba ni da hujjar hana ta." Na ce ni ce hujjar. Ta sunkuyar da kai. Ta rame, wuyanta duk jijiya.

Asabar, 30 ga Satumba, da hantsi

Yau aka shiga kwanakin Pchum Ben. Kwana goma sha biyar za mu yi muna kai wa sufaye abinci don ya isa ga mamatanmu. Na kai shinkafa da miyar kifi da hoton. Na tarar Bong Phon ta riga ni, ta kafa nata hoton a gaba, har da furanni. Mutum ɗaya, fuska ɗaya, kwano biyu.

Ta dube ni ta ce, "Sarom, miyarki ta yi ruwa. Mijina ba ya shan ruwan wanke kifi."

Na ce, "Bong, da yayana ya ci taliyarki ta kwana ai gara yunwa."

Ta Nhem ya shiga tsakani da takardun da ake rubuta sunayen mamata. Ya ce shi dai suna yake rubutawa, ba ya rubuta fuska, kowa ta faɗi nata. Sufi babba ya yi kamar bai ji ba, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

A hanyar dawowa na ji kunya. Matar nan ta girme ni da shekara goma sha uku. Lokacin da na haifi Kanha ita ta hura mini wuta a ƙarƙashin gado kwana uku.

Litinin, 2 ga Oktoba, da sassafe

Kanha ta tafi Phnom Penh, gidan da ake ajiye tsofaffin finafinai. Ta ce za ta duba gwangwanin da fim ɗin ya fito daga ciki, wai da ma tun farko ya kamata ta duba. Na ce me za a duba, ga ido? Ta ce ido yana da dangi.

Ana ruwa. Direbobin motar safe ba su da hankali. Na sa mata ayaba da dafaffen ƙwai a jaka, na san haka za ta dawo da su.

Talata, 3 ga Oktoba, da yamma

Ba ta kira ba. Na kira sau huɗu. Uban ya ce in bar yarinya ta yi aiki.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ruwa. Ba ta kira ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba, da yamma

Ta dawo lafiya.

Ta zaunar da ni a kan tabarma ta ce a jikin gwangwanin an rubuta wuri da lokaci. Ba madatsarmu ba ce. Wata ce a lardin Kampong Thom, tafiyar yini daga nan. Ta ce shi ya sa ba a ganin duwatsunmu biyu a baya, ita ce ba ta lura ba. Kuma an ɗauka ne da rani, shekarar Doki a ƙirgen shekarunmu.

Bong Veng da damina aka tafi da shi, shekarar Maciji. Doki yana bayan Maciji.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce to ai ya rayu ke nan. Ba bayan gonar rake suka kai shi suka kashe ba, wani lardi suka mai da shi, ga shi nan bayan wata bakwai yana tafiya da ƙafarsa. Na kama hannunta ina dariya. Na ce ta rubuta wannan a fim.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai sauran fim ɗin da ba ta taɓa gani ba, inda mutumin ya sauke kwanduna ya juyo. Ta kawo a kwamfuta. Na ce ba na son gani.

Ta ce, "Mae, ba zan aika fim da maganar da na san ba haka take ba. Kuma ba zan yanke ki daga ciki ba sai kin ce in yanke. Idan kin ce a'a, fim ya zauna a akwati. Ba zan yi fushi ba."

Shekara uku. Ta sayar da babur ɗinta saboda shi. Kuma ta ce ba za ta yi fushi ba. Da ta yi fushin da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 6 ga Oktoba, tsakar rana

Lokacin ina 'yar shekara tara. Ƙafafuna sun kumbura kamar kabewa. Bong Veng yana sha shida. Gonar rogon ta kowa ce, wato ba ta kowa ba. Ya kawo mini guda ɗaya a cikin gyalensa, ɗanye, ya tsaya yana kallon hanya har na cinye.

Da safe aka ga ɓawo. Aka tambaye ni wa ya ba ni.

Biro ya tsaya. Zan je in duba kaji.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da yamma

Gida shiru. Kanha ta rufe kwamfuta ta ɗora mata zane. Tana taya ni wanke ganyen ayaba, tana mini hira kan farashin alade, kamar babu komai. Loma uku ta ci, na ƙirga.

Uban ya same ni a bakin randa ya ce shi bai san Veng ba, ba zai ce shi ne ko ba shi ba ne. Amma ya san Kanha, kuma tun tana 'yar shekara biyar idan ta ce ba za ta sha magani ba, sai dai a sha a madadinta. Ya ce halin nan ba a gidansu ta samo ba. Na ce ya je ya ji da tayoyinsa.

Saura kwana goma sha biyu.

Ni ba ƙarya na yi ba. Kafaɗar hagu ce. Haka yake ɗaukar ruwa tun muna gida.

Litinin, 9 ga Oktoba

Rabin mutanen duniya suna da kafaɗar hagu. Duka ma.

Talata, 10 ga Oktoba, da yamma

Ina ƙarƙashin gida ina naɗe ansom, shinkafa mai danƙo da wake da kitse a cikin ganye, sai ga Bong Phon da sandarta. Ba ta gaishe ni ba. Ta zauna a kan gadon gora ta ja tire gabanta ta ce ɗaurina sako-sako ne, duk zai fashe a tukunya. Ta kama naɗi. Muka naɗe goma sha biyu.

Sai ta tofar da ganyen da take taunawa ta ce, "Mijina gajere ne kamar randa."

Na ɗaga kai.

Ta ce, "Wannan na hoton dogo ne. Tun a zaure, da yarinyarki ta mai da fim baya na sake gani, na san ba shi ba ne. Amma na riga na miƙe a gaban mutane. Kuma ke kina da abin ɗorawa a kan kanta, ni ba ni da ko maɓallin rigarsa. Wata takwas muka yi da aure. Yanzu in na rufe ido in nemo fuskarsa, sai fuskar ɗan'uwansa ta zo, shi kuwa ban taɓa ƙaunarsa ba."

Na ce me ya sa take gaya mini. Ta ce saboda Kanha ta zo sayen taliya jiya ta bar rabin kwano, kuma a shekara talatin ba a taɓa bar mata rabin kwano ba, ba za ta yarda a ɓata mata suna ba.

Na yi dariya har hawaye, daga nan hawayen ya ƙi tsayawa. Ta bar ni. Ta ci gaba da ɗauri tana zagin igiyata.

Da za ta tafi ta ce ita dai hoton ba za ta mayar ba. Ta saba da shi. Mutum ne mai haƙuri, ba ya musu.

Laraba, 11 ga Oktoba, da hantsi

Na ce wa Kanha ta ɗauke zanen nan ta kunna.

Ya zo, sanda a kafaɗa. Daƙiƙa huɗun da na sani. Sai ya ci gaba, ya hau gangare, ya juye ƙasa, ya juyo. Ya ɗaga hannun hagu ya share gumi. Na ce ta tsayar. Ta tsayar. Na ce ta matso da shi. Ta matso.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Bong Veng lauje ya cire masa ƙaramin yatsan hagu yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ni na riƙe masa kwanon ruwan gishiri. Kanha ba ta san wannan ba, ita shekarun fuskar take ta nuna mini, wai mutumin ya kai talatin. Na ce ta bari, na gani.

Ta rungume ni ta baya. Ƙashin ƙirjinta yana sukana.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ban kunna turare ba. Da rana ta yi tsaka sai na ji ba daɗi, na je na kunna. Mutumin hoto laifin me ya yi?

Juma'a, 13 ga Oktoba, da yamma

Da safe Kanha ta ce to yanzu za ta yanke wurin da nake nuna shi, minti shida ne, fim zai rame amma zai tsaya. Na ce wa ya ce ta yanke?

Na daɗe ina juya abin a raina. Na ce ta bar ni a ciki ina cewa yayana ne, don ran da na faɗa da gaske nake. Sannan ta sake ɗauka ta ina cewa ba shi ba ne. Ta sa Phon ma. Mutanen ƙasar waje su ga yadda mata biyu masu furfura suka yi mako biyu suna faɗa a kan baƙo, saboda ba a bar musu ko hoto ɗaya ba. In ba wannan ne tarihin madatsar ba, to mene ne?

Ta tsaya tana kallona baki buɗe. Uban daga ƙasa ya ce yanzu gidan ya samu masu fim biyu, shi zai koma gidan ibada da zama.

Bong Phon ta zo da farar rigarta ta zuwa biki, ta shafa hoda har kunne. Kanha ta ce ba a kwalliya a irin wannan fim. Ta ce, "Jikata, fim naki ne, fuska tawa ce." Aka bar ta. Muka zauna a kan gadon gora, hoton a tsakaninmu. Zakara ya ɓata ɗauka biyu. Phon ta yi maganar randa, mai riƙe da sandar ɗaukar murya ya yi dariya har aka sake. Ni na ɗaga hannuna na nuna yatsan.

Da kowa ya watse na ce wa Kanha ta kashe kyamara. Ta kashe, ta juya ta ga bango don in tabbata. Na gaya mata maganar rogo, har abin da na amsa da aka tambaye ni. Ban taɓa gaya wa ubanta ba. Ta ce, "Mae, shekara tara fa. 'Yar Sokha maƙwabciyarmu shekararta tara, jiya kika hana ta riƙe wuƙa."

Ban taɓa auna shi haka ba. Ina ta kallon yarinyar nan da yamma tana tsallen roba. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai.

Asabar, 14 ga Oktoba, tsakar rana

Babbar rana. Gidan ibada ya cika maƙil, 'yan birni sun dawo da motocinsu sun toshe hanya. Na kai ansom ashirin, biyu ne kawai suka fashe, kuma na Phon ne, ko da yake ta ce nawa ne.

Ta Nhem ya miƙo hannu zai rubuta mini sunaye kamar kullum, na ce ya ba ni takardar. Uwata, ubana, Veng. Ya duba ya ce harafi ɗaya ya kwanta, amma mamata suna da haƙurin karatu.

Sai muka tambaye shi yadda za a yi da mutumin hoto, tunda ba mu san sunansa ba. Ya ce ai dunƙulen shinkafar da ake jefawa a gefen haikali don irinsu aka yi shi, waɗanda ba wanda ya zo musu. Phon ta ce wannan ba ya cikin marasa kowa, kwana goma sha biyar yana cin gida biyu, ko sufi babba bai samu haka ba.

Kanha ta ci ansom ɗaya da rabi a tsaye, tana sauri ta koma kan kwamfuta.

Talata, 17 ga Oktoba, da yamma

Aiki take ba ɗaga kai. Muryata tana ta fitowa daga ɗakinta, kalma ɗaya sau ashirin. Ashe haka nake magana ta hanci?

Alhamis, 19 ga Oktoba, da hantsi

Ta kira ni da Phon ta nuna mana sabon wurin, saboda ƙa'idarta. Na ce na yarda. Phon ta ce hodar ta yi yawa, me ya sa ba wanda ya gaya mata. Ita ma ta yarda.

An aika. Wani layi ne shuɗi yake tafiya a hankali a kan kwamfuta, mu huɗu har da uban muka zuba masa ido kamar masu jiran tukunya. Da ya kai ƙarshe Kanha ta kwanta a kan tabarma ta yi barci da takalmi a ƙafa.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da yamma

Masu taron sun amsa, sun ce sabon ya fi tsohon. Ni ban san ma'auninsu ba.

Kanha ta ce kafin ta je ƙasar waje za ta kai majigi Kampong Thom, ƙauyukan da ke gefen waccan madatsar, idan ruwa ya janye. Wataƙila akwai wata tsohuwa can da ta san hannun nan mai yatsa biyar. Wataƙila babu. Na ce da ni za a je. Phon ta ce ba za a kai mata miji wani lardi ba tare da ita ba, a nemo mata kujerar gaba saboda gwiwa.

Muka ce a rubuta wani abu a bayan hoton, don in an samu danginsa a ba su. Ni ce mai biro. Phon ta ce in sa cewa taliyarta ya fi so. Na ce ba zan rubuta abin da ba ni da hujja a kai ba. Kanha ta shaƙe da ruwan da take sha.

Ga abin da na rubuta, sau biyu na gwada a nan kafin in sa a can:

Ba mu san sunansa ba. Ya zauna a wurinmu shekara ɗaya a lardin Battambang. Ba a bar shi da yunwa ba. Idan naku ne, ku gaya mana yadda ake kiransa.